Jawabi kan tuddan rairayi na Niayes a ƙasar Senegal

Yau za mu yi magana a kan wani yanki na bakin tekun Atilantika a Senegal, wanda ake kira Niayes. Ya miƙe daga Dakar zuwa Saint-Louis, wajen kilomita 180.

Tuddan rairayin wurin iri uku ne. Na bakin ruwa farare ne, iska tana tura su kullum. A bayansu akwai masu ruwan ɗorawa, waɗanda ciyawa ta ɗan riƙe. Can ciki kuma sai jajaye, tsofaffi, da suka daɗe da tsayawa. Tsakanin tuddan akwai kwaruruka masu baƙar ƙasa kamar fadama. Rairayi yana shanye ruwan sama ya ajiye shi a ƙasa, don haka rijiya ba ta yin zurfi. A nan ake noman albasa, karas, kabeji, tumatir da dankalin turawa, kuma yawancin kayan lambun Senegal daga nan suke fitowa.

To, rairayin da ke ajiye ruwan shi ne kuma ke iya binne lambun. Saboda haka tun 1948 aka fara dasa wani itace mai suna filawo a bakin teku, aka ƙara himma bayan farin shekarun 1970. Itacen yana jure gishiri da iska, ganyensa da ke zuba yana rufe rairayi, manoma kuma suna yin taki da shi.

Amma akwai damuwa. Itatuwan sun tsufa, kuma ba su cika tsirowa da kansu ba, sai an sake dasawa. Birnin Dakar yana cin filayen, masu gini suna kwasar yashi. Inda aka yawaita jan ruwa da inji, ruwan gishiri yana shiga rijiyoyi. A 2014 kuma aka fara haƙar ma'adini a tuddan Diogo, har aka tashi wasu ƙauyuka.

Waɗanda suka san Yusufari ko Gure a cikinmu sun san yadda tudu ke cinye kwari. Abin da muka koya daga Niayes shi ne, shingen itace ba aikin shekara ɗaya ba ne. Duk wanda muka sare, mu dasa madadinsa, mu tsare shi daga dabbobi har ya kama ƙasa.