Ruwan Famfo: A Gyara Na Hannu Kafin A Nemi Ƙari



Ruwan famfo ba baƙo ba ne a Nijeriya. Tun a shekarar 1915 aka buɗe matatar ruwa ta Iju domin shayar da birnin Ikko, sa'an nan a farkon shekarun 1930 Kano ta sami tata a bakin kogin Challawa. Bayan samun mulkin kai aka gina manyan madatsun ruwa, irin su Tiga da aka gama a 1974, kuma a 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumomi 11 na raya kogunan ƙasa. Amma duk wanda ya taɓa ganin yara sun jera jarkoki gaban famfon da ya ƙafe, ya san gina abu dabam, riƙonsa dabam.

Kafin ruwa ya iso gida, sai an ɗebo shi daga kogi, a zuba masa alam domin laka ta kwanta, a tace shi da yashi, kana a sa masa kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta. Duk wannan wahala tana iya tashi a banza saboda tsaga guda a jikin bututu. Ga yadda abin yake. Muddin bututu yana cike, ƙarfin ruwan da ke cikinsa yana tura ruwa waje ta wurin tsagar, watau hasara ce kawai ake yi. Da zarar an ɗauke ruwa, ƙarfin nan ya faɗi, sai bututun ya koma tsotso. Idan kuwa ta cikin kwata ya ratsa, kamar yadda aka saba gani a tsofaffin unguwanni, to, ruwan kwatar zai zuƙa. Ran da aka maido da ruwa, wannan ƙazanta ce za ta fara isa randar mutane. Ta irin wannan hanya kwalara, wadda ta ɓulla a ƙasar nan a ƙarshen 1970, da zazzaɓin taifot suke shiga gidajen da ke ganin ruwansu mai tsabta ne. Saboda haka ruwan da ya fara fitowa bayan ɗaukewa a bar shi ya zuba tukuna, in kuwa za a sha, a tafasa.

Masu ɗaura injin jan ruwa kai tsaye a jikin babban bututu, da masu huda shi da dare su ja layin sata, suna rage ƙarfin ruwan unguwa duka. Kowannensu yana ganin dabara ya yi, alhali maƙwabcinsa ya cuta.

A ƙauyuka maganar ta fi sauƙi. Abin da ya fi kashe famfon tuƙa-tuƙa shi ne 'yar robar da ke cikinsa, wadda take cinyewa da yawan aiki, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Garin da ya naɗa kwamiti, maza da mata, ya buɗe asusun karo-karo, ya koya wa matashi ɗaya aikin gyara, ba zai zauna watanni yana jiran ma'aikata daga hedkwata ba. A liƙe duk tsagar da ke daɓen simintin gindin famfo, kuma kada a haƙa masai kusa da shi ƙasa da mita 30. Amfanin wannan ba ɓoyayye ba ne: a 1988 an ƙidaya mutane fiye da 650,000 masu fama da kurkunu a Nijeriya, amma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da cutar, kuma tsabtataccen ruwan sha yana cikin abubuwan da suka kawo haka.

Garuruwa suna girma, lalle ana bukatar ƙarin tankuna da manyan bututu da injuna masu aiki da hasken rana. Sai dai tura ƙarin ruwa cikin ruɓaɓɓen bututu daidai yake da zuba ruwa a kwando. Bikin buɗe sabon aiki ya fi gyara armashi, shi ya sa ake yawan mantawa da gyara a kasafin kuɗi. Kamata ya yi a fara toshe yoyo, a canza bututun da ya tsufa, a ɗauke wanda ke cikin kwata.

Ruwan birane yana hannun Hukumar Ruwa ta kowace jiha, kuma kuɗin da jama'a ke biya yana taimakawa wajen sayen alam da kulorin da man inji. Wanda ya ga bututu ya fashe sai ya sanar da ofishinta mafi kusa a ranar. A ƙauye kuwa a gaya wa mai unguwa ko dagaci, shi kuma ya kai maganar ga ƙaramar hukuma.