Zirin Dingle na Ƙasar Ayalan

Wanda Allah ya kai shi ƙasar Ayalan, kada ya ƙare ziyararsa a Dublin. Ya nausa kudu maso yamma zuwa zirin Dingle, inda ƙasa ta kutsa cikin tekun Atlantika.

A ganina, abin kallon da ya fi shi ne Gallarus, ɗan ƙaramin ɗakin ibada na jerin duwatsu. Shekaru aru-aru ruwan sama na dukansa, amma cikinsa a bushe yake. Maginan dā sun iya aiki!

Mai ƙarfin gwiwa ya hau Dutsen Brandon, mai tsayin mita 952. Da bazara kuma jiragen ruwa na kai baƙi tsibirin Great Blasket, wanda aka kwashe mazaunansa a 1953.

Amma fa ku riƙe rigar ruwa, domin hadarin can ba ya sallama.