Tallafin Ambaliya ga Manoman Fadamar Haɗejiya

A shekarun da damina ta yi ƙarfi, idan ruwan da ke gangarowa daga madatsun Tiga da Challawa a Jihar Kano ya haɗu da mamakon watannin Agusta da Satumba, Kogin Haɗejiya kan cika ya tumbatsa, ya shafe gonakin shinkafa da gero da dawa a ƙananan hukumomin Auyo, Kafin Hausa, Guri da Kirikasamma, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022. Abin da ke ƙara tsananta lamarin shi ne kacala, wato doguwar ciyawar ruwa da ke toshe hanyoyin kogi har ruwa ya karkata zuwa gonaki da gidaje.

Agajin da ke biyo baya yakan zo ta hannun NEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta tarayya, da takwararta ta jiha, SEMA, kuma galibi hatsi ne da tabarmi da kwanon rufi, wani lokaci da iri da taki. Wannan yana rage raɗaɗin yunwa, amma ba ya biyan bashin da manomi ya ci domin noman da ruwa ya lalata, balle wanda ya yi hayar gona, wanda sunansa kan iya ɓacewa idan masu filaye kaɗai aka lissafa.

Lokacin rabon ma abin dubawa ne, domin alkamar rani a watan Nuwamba ake shuka ta, kuma irin da ya iso bayan nan amfaninsa kaɗan ne. Ya kamata hukumomi su tantance manoma gona-gona tare da masu unguwanni da dagatai, su kuma kammala rabo kafin shukar rani.