Kujerar Da Ke Bin Jikin Mai Ita



Kwamitin shirya wannan taro ya nemi in yi magana a kan wani abu daga fannina na injiniyanci, ni kuwa na zaɓi kujera. Na san wasu za su yi dariya, to amma a duba: mafi yawanmu yau aikin zaune muke ci da shi, daga ma'aikacin banki har alƙali da malamin jami'a. Mutum ya kan shafe awa takwas a kan kujera ɗaya, ya tashi yana dafe da tsatso. Abin da nake so mu koma gida da shi ɗaya ne: kujerar kirki ita ce wadda ke motsi tare da jikin mai ita, kuma a ƙarfen da ke ƙarƙashinta ake gane ta, ba a kyan fatar da aka lulluɓe ta da ita ba.

Malaman kimiyya da ke zaune a nan sun koya mana cewa ƙashin baya ba sanda ba ne. Gaɓoɓi ne a jere, biyar daga cikinsu a tsatso, kuma tsakanin kowace gaɓa da 'yar'uwarta akwai faifan guringuntsi mai aikin matashi. In mutum yana tsaye, tsatson nan ya kan lanƙwasa ciki kaɗan. Da zarar ya zauna, sai ƙugu ya mirgina baya, lanƙwasar ta miƙe, nauyi ya taru a gaban fayafayan. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Alf Nachemson, ya fara auna wannan matsi da allura a jikin mutane masu rai tun a shekarun 1960. A 1974 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa matsin yana raguwa idan majingina ta kwanta baya kaɗan, yana kuma ƙara raguwa idan akwai abin da ya tokare tsatso. Kafin su, a 1953, wani likita Ba'amurke mai suna Keegan ya ɗauki hotunan ƙashi, ya ga tsatso ya fi komawa siffarsa ta asali idan kusurwar da ke tsakanin gangar jiki da cinya ta kai wajen digiri 135. To amma wa zai iya rubutu a kishingiɗe haka? Saboda haka aikin injiniya shi ne ya ba mutum hanyar kaiwa da komowa tsakanin zaman aiki da zaman hutawa, ba tare da majingina ta rabu da bayansa ba.

An daɗe ana neman wannan hanya. A 1849 Thomas Warren ya ƙera kujera a Amurka wadda ke zaune a kan sifirin na ƙarfe, tana juyawa tana karkata, har aka nuna ta a babban baje koli na Landan a 1851. A 1928 wasu 'yan'uwa biyu a jihar Mishigan, Knabusch da Shoemaker, suka yi kujerar katako mai kwantawa, wadda daga ita kamfanin La-Z-Boy ya yi suna. Kujerar ofis irin ta zamani ta zo daga baya: Ergon ta Bill Stumpf a 1976, sai Aeron a 1994, wadda aka yi ta girma uku domin jikin mutane ba ɗaya ba ne.

Yanzu bari mu leƙa ƙarƙashin kujera. Abu na farko shi ne inda ƙusar juyawa take. A kujera mai araha, ƙusar tana tsakiyar mazauni, kamar sikeli. In ka jingina, gaba ya ɗaga, ƙafafunka su bar ƙasa, bakin mazauni ya danne bayan cinya. Masu ƙira suka matsar da ƙusar gaba, kusa da gwiwa, sai ƙafa ta zauna a ƙasa. Daga nan aka zo da dabarar haɗa mazauni da majingina da 'yan sandunan ƙarfe, yadda in majingina ta kwanta digiri biyu, mazauni ya karkata kamar digiri ɗaya kawai. Kamfanin Wilkhahn na Jamus yana cikin waɗanda suka fara fitar da irinta, a 1980.

Akwai kuma gwajin da kowa zai iya yi a shago. Jikin mutum a gaɓar ƙugu yake naɗewa. Idan majingina tana juyawa a wani wuri nesa da nan, to yayin da ka kwanta baya za ta goga bayanka ta zare maka riga daga wando, tudun da ya kamata ya tokare tsatso kuma ya hau sama. In ka ji riga na zaruwa, ƙirar ba ta yi ba, komai tsadarta.

Abu na biyu shi ne ƙarfin sifirin. Siririn mutum da ƙaton mutum ba za su tura majingina da ƙarfi ɗaya ba, shi ya sa ake sa ƙulli a ƙasa wanda ake murzawa. A murza shi har sai majingina ta riƙe mutum a duk inda ya tsaya, ba ta jefa shi baya ba, ba ta kuma tunkuɗo shi gaba ba. A 1999 Niels Diffrient ya fitar da kujerar da nauyin mai zama ne da kansa yake daidaita wannan ƙarfi.

Na uku, tsawo. Bututun da ke tsakiya silinda ce cike da iskar naitirojin a matse. In ka ja liba, bawul ya buɗe, nauyinka ya sauke ta, ko iskar ta ɗaga ta in ka miƙe. Ina roƙo kada kowa ya bari mai walda ya sa mata wuta ko ya huda ta. In ta fara sauka da kanta, canza ta ake yi. A daidaita ta yadda tafin ƙafa zai shimfiɗu a ƙasa, a bar tazarar yatsu biyu ko uku tsakanin bakin mazauni da bayan gwiwa, tudun majingina kuma ya faɗa wajen ɗamara. Ƙafafu biyar ake yi mata domin kada ta kife da mutum yayin da ya jingina.

'Yan'uwa, da yawanmu yanzu mu ne ke sa hannu a takardar sayen kayan ofis. Aka saba, maigida ya samu katafariyar kujera, akawu da mai buga takarda, waɗanda suka fi kowa daɗewa a zaune, su samu ragowa. Ina ganin ya kamata mu gyara wannan. Wanda kuma ba shi da halin sabuwa, ya naɗe tawul ya sa a tsatso, ya ɗora ƙafa a kan ɗan katako in kujerar ta yi masa tsawo. Sannan ko wace irin kujera ce, a riƙa miƙewa ana takawa bayan kowane rabin awa ko makamancin haka, domin babu ƙirar da za ta yi wa jiki motsin da yake bukata. Ciwon da ya ƙi tafiya, ko ya sauka ƙafa da sanyin jijiya, wannan sai likita.

Lafiya uwar jiki.