BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Ranar da Sakatare ya aiko mini da takarda cewa ni zan yi magana a taron bana sai da gabana ya faɗi, domin a cikin ɗakin nan akwai malaman da suka sha cika mini littafi da jan biro, akwai kuma yayyen da suka sa ni yankan ciyawa a bayan ɗakin cin abinci. Amma tun da manya sun yi umarni, zan ba ku labarin wani Bature da na sani a Ingila, sa'an nan in faɗi inda labarin ya shafe mu.

A shekarar 2019 ma'aikatarmu ta tura ni ƙaro ilimi na shekara guda a wata jami'a da ke arewacin Ingila. Domin in ƙara guzuri sai na kama ɗan aikin yamma a ofishin kula da tsofaffin ɗalibai na jami'ar. Aikinmu shi ne mu buga musu waya, mu gaisa, mu tabbatar da adireshinsu, mu ba su labarin jami'a, kana mu nemi gudummawa daga wanda ke da hali. Shugaban ofishin mutum ne da ya doshi shekara hamsin, ya kuwa shafe fiye da shekara ashirin yana wannan aiki. Na lura duk ranar Talata yakan tashi da wuri, da wata koriyar jaka a kafaɗa. Da na tambaya sai aka ce mini ai soja ne.

To, jama'a, sojan ƙasa a Ingila kashi biyu ne. Akwai na dindindin, waɗanda aikin soja shi ne sana'arsu. Akwai kuma na ko-ta-kwana, wato malaman makaranta da likitoci da direbobi da akawuna, waɗanda ke ci gaba da ayyukansu amma suna zaune cikin shiri. An kafa wannan runduna a 1908, zamanin da Richard Haldane ke ministan yaƙi. Ta daɗe da sunan Territorial Army, kafin a 2014 a sake mata suna zuwa Army Reserve. Akasarinsu sukan ba da aƙalla kwana 27 a shekara: atisaye na maraice ɗaya a mako, da wasu ranakun ƙarshen mako, da zaman sansani na mako biyu. Ana biyansu gwargwadon kwanakin da suka yi, kuma wata doka ta 1985 ta kare musu gurbin aikinsu idan aka kira su fagen daga. An kira su kuwa, domin da su aka je Iraƙi a 2003, da su aka je Afganistan. A shekarar 1908 ɗin nan ne kuma aka kafa sashen horar da hafsoshi a jami'o'i, kuma ta wannan ƙofa maigidan namu ya shiga tun yana ɗalibi.

A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa aka rufe ƙasar. Ba a jima ba aka kira shi, ya sa kaki, ya tafi taimakawa a wuraren gwajin cutar. A jami'a kuma ɗalibai da yawa, musamman mu baƙi, muka rasa ƙananan ayyukan da muke ci da su, ga kuɗin haya, ga ba jirgin komawa gida. Ofishinsa ya aika wa tsofaffin ɗalibai wasiƙa ɗaya tak, cikin 'yan kwanaki taimako ya fara shigowa. Ni da ke tsaye a gabanku da wannan taimako na biya hayar wata biyu. Wasiƙar ta isa hannun mutane ne saboda an yi shekara da shekaru ana gyara rajista, ana gaishe su tun ba a bukatar komai a wurinsu.

Da zan dawo gida na je yi masa sallama, na tambaye shi yadda yake haɗa ayyukan nan biyu. Ya nuna mini cewa shi a wurinsa aiki ɗaya ne. Yawancin ranaku babu abin da ke faruwa, sai goge bindiga da gyaran adireshi, aikin da ba mai yaba maka. Amfaninsa sai ranar da aka yi kira.

Yanzu bari in dawo gida. Da yawanmu mun yi bautar ƙasa a ƙarƙashin shirin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973. Mun sa kaki, mun yi fareti na mako uku, muka cika shekara, muka karɓi takarda, muka rataye kakin, muka ɗauka mun sauke nauyi. Ita kuwa makarantar nan da ta raine mu, malamanta su ne sojojinta na dindindin, kullum suna bakin daga. Mu ne 'yan ko-ta-kwananta. Shin a shirye muke?

Kowa ya san amsar. Da daminar bara iska ta yaye rufin ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, Shugaban Makaranta ya nemi Sakatare, Sakatare ya buɗe rajista, ya tarar yawancin lambobin ba sa shiga. Sai da muka kwashe wata huɗu muna cigiyar juna, alhali ƙannenmu 'yan ajin ƙarshe suna shirin jarrabawa ba tare da wurin gwaji ba. Ba na ɗora wa kowa laifi, domin ni kaina a lokacin ƙungiya tana bi na kuɗin shekara uku.

Saboda haka ina roƙon wannan taro ya amince da abu uku kafin mu watse. Na farko, kowane aji ya fitar da wakili ɗaya wanda zai tattara sunaye da lambobi da sana'o'in 'yan ajinsu, ya riƙa sabunta su duk shekara. Na biyu, kowannenmu ya ba makaranta kwana biyu a shekara, ba ma 27 ba: likita ya duba yara, injiniya ya duba gini da rijiya, ma'aikaci irina ya koya musu cike takardun neman shiga jami'a. Na uku, a sa ɗan abin da kowa zai iya biya duk wata, a zuba a asusun da sai mutum uku sun sa hannu za a taɓa shi, a kuma karanta lissafinsa a gaban kowa a taron shekara. Ni na biya bashina yau da safe, rasit na nan a aljihuna, kuma na ba da sunana a matsayin wakilin ajinmu in 'yan uwana sun yarda.

Iyayenmu malamai, mun gode da wahalar da kuka sha a kanmu, Allah Ya saka muku da alheri. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, malamai da ɗalibai, Allah Ya jiƙansu. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.