AMSAR TAKARDUNKU: Don me ake ba yaro magani alhali lafiyarsa lau?

Wani manomi daga Bakura ya aiko mana da takarda, yana cewa da damina ma'aikatan lafiya kan bi gida-gida suna ba yara ƙwaya, ga shi kuwa yaran ba su ciwon komai. Shin wannan ba ɓarnar magani ba ce?

To malam, mun gode. Ka san halin ƙasarmu: ga ruwan damina, ga na noman rani daga madatsar Bakolori wadda aka gama ginawa a 1978. Sauro ya samu wurin zama a Talata Mafara da Bakura da Maradun. Shi kuwa zazzaɓin cizon sauro, a kwana ɗaya ko biyu yakan kada ƙaramin yaro. Mutumin ƙauye kafin ya sami kuɗin mota ya kai asibiti, sau da yawa lokaci ya ƙure.

Shi ya sa likitoci suka yi tunanin kai maganin gida tun ciwon bai zo ba. An gwada a Senegal da Mali da Burkina Faso, aka ga zazzaɓin ya ragu da wajen kashi 75 cikin 100 ga yaran da suka sha. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince, aka fara a Katsina a 2013, ya iso Zamfara a 2015.

Ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya kowane wata, tsawon damina. Amma fa ka lura, na kwana uku ne. Ma'aikaci ya ba da na ranar farko, na sauran kwana biyun yana hannun uwa. Kada a ɓoye shi don wata rana, kada a raba wa yara biyu. In yaron na da zazzaɓi, ko yana shan Septrin, a gaya wa ma'aikacin tukuna.

Kuma kada a bar kwana cikin gidan sauro. In yaro ya fara jijjiga, ko ya kasa kama nono, a garzaya asibiti, kada a jira wayewar gari.

Malam, ka bar su su sha, rigakafi ya fi magani. Allah ya raya mana zuriya, amin. Sai mun ji daga gare ku.