Koren Haske a Sararin Norwe

Wani mai sauraronmu daga Maraɗi ya ce ɗansa, ma'aikacin jirgin ruwan masu yawon buɗe ido a gaɓar Norwe, ya aiko masa hoton sama kore shar da tsakar dare. Gaskiya ne, ko haɗi?

To Malam, yaro bai yi maka ƙarya ba. Ɓurɓushi ne daga rana ke karo da iska, can sama wajen kilomita 100, sai haske ya tashi. Daga Satumba zuwa Maris ake ganinsa. Sai dai kyamara ta fi ido ganin koren, don takan tara haske na 'yan daƙiƙoƙi. Ido kuwa sau da yawa kamar hazo yake gani. Ga jirgi na tangaɗi, hoto ya dagule. In nasa ya fito tsaf, ya ƙoƙarta.